Asmar Telar Goggo

A shekarata ta huɗu a makarantar likitanci aka fara barinmu mu taɓa marasa lafiya. Kafin nan gawa kawai muka sani, ita kuwa gawa ba ta gardama, ba ta kuma tambayar mutum ko ya tabbata da abin da yake faɗa. Goggona, wadda nake zaune a gidanta a Palladan tun da na baro ƙauye don karatu, ita ta saya mini abin sauraron ƙirji, irin wanda likitoci ke ratayawa a wuya. Baƙi ne, yana warin sabuwar roba. Tun da na rataya shi, wanka kaɗai ke raba mu. Da shi nake shiga bas zuwa Samaru, da shi nake cinikin tumatir. Wata Lahadi har coci na je da shi, na bar kansa ya leƙo daga jaka yadda duk wadda ta zauna kusa da ni za ta gani.

Wadda ke koya mana duba ƙirji wata tsohuwar likita ce, gajeriya, 'yar kudancin Kaduna, mai tafiya a hankali saboda ciwon gwiwa. Ba ta ɗaga murya, kuma da tana ɗagawa da ya fi mana sauƙi. Ranar farko da ta kai mu ɗakin maza a asibiti, ta tsayar da ni gaban wani dattijo, ta ce in saurari zuciyarsa in gaya wa 'yan'uwana abin da na ji. Na ɗora, na rufe ido, na haɗe gira kamar yadda na ga manya suna yi. Ban ji komai ba sai wani shuuu daga nesa. Amma 'yan ajinmu sun zuba mini ido, don haka na buɗe baki na karanto musu rabin shafin littafi: ga sauti na farko, ga na biyu, ga wani gurnani a tsakaninsu.

"Madalla," in ji ta. Ta miƙo hannu ta murɗa kan abin, ya ce ƙas. "A rufe yake. Abin da kika ji, jinin kunnenki ne. Amma kin yi bayani mai kyau. Kunnen nan naki yana cikin hatsari."

Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga nan ta sa kowa ya cire abin sauraronsa ya zuba a kwali, ta ce sai bayan mako biyu. A mako biyun nan, daga bakin ƙofa take tsayar da mu. Ta ce mu kalli yadda mutum yake zaune, mu ga ko yana iya kai magana ƙarshe ba tare da ya tsaya neman iska ba. Mu ƙirga numfashinsa muna yi kamar bugun hannunsa muke ji, don in ya gane ana ƙirgawa zai gyara, kamar yadda ake gyara zama in an ga mai hoto. Mu dubi farce, mu dubi jijiyar wuya, mu danna ƙafa da ɗan yatsa mu ga ko rami zai zauna. Mu tambayi filo nawa yake sawa, don wanda ruwa ya taru a huhunsa ba ya yarda da kwanciya. Sannan mu tambayi ƙuruciyarsa.

"Zuciya tana da riƙo," in ji ta. "A yi mata abu tana shekara goma, sai ta yi shiru, ta rama a talatin."

Ni dai abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne kowa yana gab da mutuwa, kuma ni kaɗai na sani. Mai wanki ya yi tari, na ce huhu. Maƙwabciyarmu ta yi hamma sau biyu, na bi ta da kallon tausayi. Sai abin ya faɗa kan mijin goggo, wanda muke kira Baba, tsohon hedimasta kuma dattijo a coci.

Wata Asabar da la'asar na same shi zaune a bakin gado, hannu a ƙirji, zufa na keto masa. Ya ce wani abu na cinsa kamar wuta daga ƙirji zuwa maƙogwaro. Ban tambaye shi komai ba. Na fita tsakar gida na ƙwala wa goggo kira, na ce zuciyar Baba ce za ta buga, in ba mu isa asibiti yanzu ba sai dai wani labarin. A gabansa na faɗa, da ƙarfi, har maƙwabta suka fito.

A motar maƙwabci muka tafi, goggo na rungume da kansa a kujerar baya. Mun wuce Samaru ke nan Baba ya ga lokaci ya yi da zai gyara tsakaninsa da Ubangiji. Ya ce goggo ta gafarta masa. Taron dattawa na ranar Asabar da ƙarfe sha biyu ake tashi, ba ƙarfe uku ba. Sauran lokacin a wurin wani mai tsire a PZ yake yinsa, shekara da shekaru, duk da an hana shi gishiri. Kuma rigar sanyin nan da ta saƙa masa da hannunta, ba mai wanki ne ya ɓatar ba, shi ya ba maigadin makaranta, don ba ya sonta. Goggo tana kuka tana cewa ta yafe, ta yafe.

A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ajiye shi na 'yan awoyi aka sake gwadawa. Lafiya lau. Likitan da ke aiki ya tambaye shi me ya ci. Tsire ne da yaji, ya kora da lemon kwalba, ya dawo gida ya miƙe a gado. Ƙwannafi. Aka ba shi wani farin magani mai kauri, ya yi gyatsa, ya warke. A hanyar dawowa ba wanda ya yi kuka, kuma yafiyar da aka yi a hanyar zuwa goggo ta janye ta.

Na kai wa tsohuwar likita labari ina jiran zagi. Ta ce, "Kai shi da kika yi daidai ne. Dattijo mai hawan jini ya riƙe ƙirji, ko ni sai na kai shi. Sanar da mutuwarsa a tsakar gida ne ba aikinki ba. Kuma tambaya ɗaya ba ki yi masa ba."

A gida kuwa aka kafa doka. Ba ni ba taɓa kowa. Abin saurarona ya koma ƙarƙashin akwati, ba ya fitowa sai zan tafi makaranta. Baba ya daina yi mini magana kai tsaye, sai dai ya ce wa goggo, "Gaya wa likitarki ta miƙo mini ruwa, in dai ba ya kashe mutum."

Ana cikin haka Ista ta gabato. Zumuntar mata ta cocinmu ta fitar da anko, kuma goggo ce aka ɗora wa kula da ɗinki. Telarta tana Sabon Gari, a wani lungu bayan kasuwa. Madam kowa ke ce mata. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ba ta fi shekara talatin da biyar ba a lokacin, tana da 'ya'ya uku da miji mai sayar da kayan gyaran mota. Duk wanda ya san ta ya san tana da asma. Abin shaƙarta yana rataye a jikin keken ɗinki kusa da almakashi, wani mai kyamis a layinsu ke sayar mata, shekara shida ke nan.

Goggo ta ja ni in riƙe mata atamfofi, bayan ta bincike jakata a bakin ƙofa ta tabbatar ban ɗauko abin ba.

Zafin bazara ne, shagon kuma ƙunci. Madam ta gan ni ta washe baki.

"Mama, wannan ce... wadda ta kusa kashe... hedimasta?"

Labarin har ya iso Sabon Gari. Na yi dariyar dole na zauna a kan buhun ƙyalle. Tun da ba ni da abin yi, kuma an hana ni magana, sai na shiga kallonta. Tana ba goggo labarin wata amarya da ta canza ɗinki sau uku, amma labarin a gutsuttsure yake fitowa, kalma huɗu ta tsaya, kalma biyar ta tsaya. Ta sunkuya ta auna tsayin zanin goggo, da ta miƙe sai da ta dafa teburi ta jima. Na ƙirga numfashinta a ɓoye, ya yi yawa. A gefen wuyanta wata jijiya ta cika ta tashi har kusa da kunne, alhali tana tsaye. Na sauke ido ƙasa. Silifas ɗin maza ne a ƙafarta, kuma duk da haka madaurin ya nutse cikin nama.

Na ce a raina, ke dai yi shiru. Na yi shiru na kusan minti ɗaya.

"Madam, filo nawa kike sawa in za ki kwanta?"

Goggo ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari.

"Filo?" in ji Madam. "Ƙanwata, ni da gado ai mun rabu. A kujera nake barci. In na kwanta... kamar an danna kaina cikin randa."

"Tun yaushe?"

"Tun cikin autana. Da na haihu ya yi sauƙi. Bana ya dawo da 'yan'uwansa."

"Ba ki sha'awar komawa gida da ƙafarki, ko?" in ji goggo, a kunnena.

Amma Madam ta riga ta miƙo mini hannu da kanta. Bugun jininta ba shi da tsari ko kaɗan, kamar makaɗin da ya sha burkutu: uku da sauri, shiru, ɗaya mai ƙarfi, biyu a ɓoye. Na durƙusa na danna ƙaurinta da babban yatsa, na ɗaga. Rami ya zauna, kamar a curin tuwo. Mu uku muka tsaya muna kallonsa, ya ƙi cikowa. Goggo ta saki cinyata.

Na tambaye ta ko ta yi wani ciwo tana yarinya. Ta ce ba ta yi ba, sai dai maƙogwaro. Kowace shekara sai ya kama ta, har maƙwabta suka ba uwarta shawara aka kai ta wurin wanzami ya cire mata belu, bai kuma hana komai ba. Sai kuma wata shekara, tana aji huɗu a firamare, da gwiwarta ta kumbura ta yi zafi, bayan kwana biyu ciwon ya bar gwiwa ya koma idon sawu, daga can ya haura wuyan hannu. Aka ce sanyi ne, aka shafa man zafi. Wata guda ba ta je makaranta ba, daga baya ya tafi don kansa.

Ina so in saurari ƙirjinta, ga shi an raba ni da kayan aiki. Na hango dogon bututun kwali da ake naɗe yadi a jikinsa, na ɗauko, na ɗora baki ɗaya a ƙirjinta ɗaya a kunnena. Zan so in ce na ji wani abu. Janaretan maƙwabcinta na ji, da rediyon mai sayar da zare, da goggo tana cewa, "Ubangiji, ka ga abin da na biya wa kuɗin makaranta."

Na ajiye kwalin na ce ina ganin ya kamata ta zo asibitinmu a duba ta. Wannan karon a hankali na faɗa, ban kuma ambaci mutuwa ba.

Madam ta nuna tulin atamfofi da baki. "Ankon mata arba'in, Ista saura kwana goma sha biyu. Abeg, bayan Ista."

Goggo ta fita neman ruwan sanyi. Tana fita Madam ta jawo ni kusa, ta buɗe wata leda da ke ƙarƙashin keke. Guntayen ƙyalle ne, fari-fari, kowanne da ɗigon jini. Wata biyu ke nan in ta yi tari take ganinsa, ba ta gaya wa ko mijinta ba.

"Tibi ne, ko?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "In aka ji a layin nan... ba mai sake kawo mini ko ɗinkin maɓalli."

Na ce sai an gwada majina kafin a sani, amma ni zuciyarta nake zargi.

Fuskarta ta yi haske kamar na ce ta ci gasa. "Zuciya? Zuciya kawai? Kai, na gode wa Allah! Ai ba a ɗauka, ko?"

Ban taɓa ganin wanda ya yi murnar ciwon zuciya ba sai ita. Da wannan murnar muka same ta. Ranar Talata goggo da kanta ta je Sabon Gari ta sako ta a mota.

Tsohuwar likita ta sa ni na gabatar da ita a gaban 'yan ajinmu. Na jero komai: numfashi, wuya, ƙafa, kujera, maƙogwaro, gwiwar da ciwonta ke yawo. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko Madam na da ciki yanzu. Ban tambaya ba. Ko ta rame, ko tana zufa cikin barci? Ban tambaya ba. Ko wani a gidansu na tari? Shi ma ban tambaya ba.

"Kina zargin zuciya, sai kika sallami huhu ba tare da ya kare kansa ba," in ji ta. Ta yi tambayoyin da kanta. Sannan ta kwantar da Madam a gefen hagu, ta saurara, ta jima, ta yafuto ni. Ta duba kan abin saurarona tukuna, 'yan aji suka yi dariya. Ta ɗora mini shi da hannunta a ƙasan nonon hagu, ta ce kar in danna, kar in nemi komai, in jira kawai.

Da farko hayaniya ce. Can sai na fara rarrabewa. Wani bugu mai ƙarfi kamar an rufe ƙofa da fushi, wani ɗan ƙas, sannan gurnani can ƙasa, kamar babbar mota tana wucewa a titin da ke bayan gida. Shi ne gurnanin da na taɓa karantowa daga littafi, kuma bai yi kama da yadda na bayyana shi ba ko kaɗan. Ta mayar da ni bayan Madam, ƙasan huhu, na ji ƙaramin ƙara kamar ana murza gashi kusa da kunne. Ruwa ne.

Da Hausa ta yi wa Madam bayani, mu muna cin arziki. Ta ce ciwon maƙogwaron nan na ƙuruciya wata ƙwayar cuta ce ta kawo shi. Jiki ya tashi yaƙarta, garin yaƙi ya rikice ya auka wa nasa: ya kumbura gaɓoɓi, ya kumbura wata ƙofa a cikin zuciya. Gaɓoɓi sun warke, ƙofar kuwa ta yi tabo, tana ta tsukewa shekara da shekaru. Jinin da ya kamata ya wuce sai ya taru a baya, ya koma huhu. Shi ne shaƙewar, shi ne kukan ƙirjin da aka ce asma, wataƙila shi ne jinin ma. Abin shaƙar kuma sa zuciya gudu yake, ita kuwa mai ƙofa a tsuke ba abin da ta ƙi jini kamar gudu.

"Wato shekara shida ina sayen abin da ke ƙara mini ciwo?" in ji Madam.

"Ba ke kaɗai ba."

"Zan je in same shi, mai kyamis ɗin nan."

"Ki bari sai kin iya kai zagi ƙarshe da numfashi ɗaya," in ji likita.

Aka kwantar da ita. Hoton ƙirji da na zuciya suka tabbatar da abin da kunnen tsohuwar ya ji, gwajin majina ya ce ba tibi. Aka fara ba ta maganin fitar da ruwa, da na rage gudun zuciya, da na hana jini daskarewa, aka kuma ce za ta riƙa karɓar allura duk wata don kar ciwon maƙogwaro ya sake taɓa ƙofar. Kwana uku tana zirga-zirga tsakanin gado da banɗaki. Duk lokacin da na leƙa sai ta ce, "Ke kika jawo mini wannan. Ban taɓa sanin ina ɗauke da rijiya ba." A rana ta biyar na same ta kwance a miƙe, filo ɗaya, tana minshari da tsakar rana, baki a buɗe. Na tsaya na jima ina kallonta. Tsohuwar likita ta wuce ta bayana ta ce in rufe nawa bakin in je in rubuta abin da na gani.

Anko bai samu ba. Ranar Ista matan zumunta suka fito da ankon bara, wasu ya matse su, wasu ya koɗe, kuma kowa ya san laifin wa. Wata dattijuwa ta tare ni a ƙofar coci ta ce, "Hedimasta bai ishe ki ba, sai da kika kwantar mana da tela?" Goggo ce ta amsa mata, ba zan maimaita abin da ta faɗa a harabar coci ba.

Madam ta yi shekaru tana shan magani, wani lokaci da kyau, wani lokaci sai an bi ta da faɗa. Allurar wata-wata ta tsane ta, ta ce ko jaki aka yi wa sai ya kai ƙara. Amma duk ɗan da ya ce maƙogwaronsa na ciwo a gidanta, ranar take kai shi asibiti, kuma ta hana 'yan layinsu sakat da wannan wa'azi. Daga baya ƙofar ta tsuke har magani ya kasa. Lokacin na gama makaranta ina aiki. 'Yan cocinsu da ƙungiyar teloli suka tsaya mata, aka kai ta wani gari mai nisa aka sa mata ƙofar ƙarfe. Wata uku ba mu san ko za ta dawo ba. Ta dawo a rame, da dogon tabo a tsakiyar ƙirji.

Bara na je shagonta da leshi na bikin wata ƙawata. An ɗauke wuta, layin ya yi tsit. Ta matso da tef za ta auna ni, sai na ji wani ƙas, ƙas, ƙas, yana fitowa daga rigarta.

"Kin ji ko?" in ji ta. "Maigida ya ce kamar da agogon bango yake kwana. Wata amarya ta tambaye ni ko agogo na ɓoye a rigar mama. Na ce e, na ƙasar waje ne, kar ta taɓa."

Duk wannan da numfashi ɗaya ta faɗe shi. Ta zagaya ƙuguna da tef, ta duba, ta sake dubawa, ta kalli tsohon awona a littafi.

"Likita, miƙe sosai. A'a, kar ki shanye ciki, na gani. Inci huɗu cikin shekara biyu. Ke ba ki da wanda zai duba ki ne?"